Motar Mai Allurar Shanu

Ka ce mini ba ka yanke shawara ba tukuna, wai za ka ɗan taɓa gyaran motar taka kana kuma sauraron masu tayi. To gyara zama, ɗana, in ba ka labarin wani da ya riga ka wannan dabarar.

Wani mutum ne ya ci gadon mota. Ubansa ma'aikacin allurar shanu ne, ya shekara talatin yana bin rugage, motar kuwa ita ce ɗakinsa: ƙaramar bas irin ta da, da gado a ciki, da kabad na katako, da ɗan risho, rufinta ma ana ɗaga shi mutum ya miƙe tsaye. Tun da tsohon ya rasu take ajiye a gindin darbejiya, tayoyi sun zauna, tsatsa ta cinye ƙasan ƙofofi har kaji na shiga su yi ƙwai. Mutumin yana son motar nan, ba ƙarya, don in ya buɗe ta har yanzu warin maganin shanu yake ji, ya tuna ubansa. Ana nan sai saƙo ya zo daga garin su mahaifiyarsa, tafiyar yini guda, cewa yayarta ta kwanta ciwo tana cigiyarta. Mahaifiyar tasa kuwa tsohuwa ce, bayanta ya riƙe, ba ta iya zaman motar haya, in za a kai ta sai a kwance. Hanya biyu ce a gabansa, kowacce kuma mai ɓullewa. Akwai wani attajiri mai tara tsofaffin motoci da ya taya ta yadda take, tayin da zai isa a ɗauki shatar mota a shimfiɗa wa tsohuwa katifa. Akwai kuma wani bakanike, abokin ubansa, da ya shiga ƙarƙashinta ya ƙwanƙwasa, ya fito ya ce ƙashinta lafiya lau, in aka sayar da sa ɗaya cikin shanunsa biyu da ke turke, sati uku ta hau titi.

Sai gogan naka ya ga ai ya fi kowa wayo. Me zai raba shi da mota, me kuma zai raba shi da sa? Motar ta gyara kanta mana. Dama wasu dillalan kayan mota sun fara zarya a ƙofar gidansa. Ya kwance fitilun gaba ya sayar, ya sayi batir. Ya sayar da kabad da risho, aka yi waldar ƙofa ɗaya. Madubai, mariƙan ƙofa, murfin tayoyi, har gilashin gaba mai rabi biyu, duk suka tafi da ɗai-ɗai, kowanne da hujjarsa: ai wannan ado ne, ai gilashi ko'ina akwai. In attajirin ya aiko, ya ce ana shawara. In bakanike ya yi ƙorafi, ya ce a lallaɓa da abin da ya samu. Tsohuwa kuwa tun makon farko ta ɗaure ƙullin kayanta, kullum da safe ta tambaya, kullum ya ce saura ƙiris. Sai da aka yi wata biyu inji ya tashi, unguwa ta fito kallo. Amma fa mota ba ido ba gilashi, ƙofa sai da igiya, ga damina ta kankama. Ya shiga kasuwa neman madadin abin da ya kwance, aka yi masa dariya, aka ce an daina ƙera irinsu tun kafin a yi masa kaciya, 'yan waɗanda suka rage a yankin kuwa shi ya sayar da su. Da ya ga uwar bari, ya wanke ƙafa ya tafi wurin attajirin ya ce ya amince. Attajirin ya ja shi rumfar motocinsa, ya nuna masa wata bas irin tasa tana sheƙi, sanye da fitilunsa da madubansa, ga kabad ɗin ubansa a ciki. Ya ce, "Ai Malam, ka riga ka sayar mini. Abin da ya rage, nemi 'yan gwangwan." Ashe dillalan nan duk mutanensa ne.

A cikin makon aka aiko yayar ta cika. Suka tafi ta'aziyya a motar haya, mutum huɗu a kujera, tsohuwa na zaune cur tana cije leɓe duk ramin da aka faɗa. Shi da kansa ya faɗa mini wannan tafiyar ta fi masa zagi ciwo.

Ka lura, da ya sayar, da 'yan'uwan nan sun gana. Da ya gyara, da sun gana, ga motar ubansa a hannu. Babu gurguwa cikin shawarwarin biyu, shi ne ya gurgunta su da ya ƙi sakin ko ɗaya. Saboda haka in gyara za ka yi, kori masu tayi ka zage damtse. In sayarwa ce, sallama yau ka yi barcinka. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce taura biyu ba ta taunuwa.