Jita a Lasifikar Masallaci

Don girman Allah, ko kun gane ni kada ku faɗi sunana. Sunayen nan ma duk na sauya su.

A wata unguwa a Gumel akwai wata yarinya, a ce da ita Haulatu. Babanta Malam Barau shi ne ladan, shekara ashirin da uku yana kiran salla, kuma gidansu bango ɗaya ne da masallaci. Sana'arsa sassaƙar allo. Duk makarantar allon da ke tsakanin nan da Gagarawa, da wuya ka rasa allon gidansu a ciki.

Abin da ba wanda ya sani, a ɗakin allon nan ba allo kaɗai ake yi ba. Ana yin jita, irin mai lantarki.

Kawunta Dogo, direban babbar mota, shi ya jawo. Bara waccan ya zo da wata karyayya daga Damagaram, wai ko za ta gyaru. Aka kwance ta, aka ga cikinta, aka gyara. Daga nan aka fara yin sababbi. Jikin na maɗaci, tsirkiya daga wayar birkin babur. Mayen ƙarfe kuwa a tsohuwar rediyo ake ciro shi, a naɗa masa siririyar wayar fanka da keken ɗinkin Innar Haulatu, a yi ta naɗi har ido ya yi yaji. Ran Alhamis Kawu Dogo ya cusa ta a buhun ƙaiƙayi ya wuce Maigatari, makaɗan Nijar su karɓa. Da ita ake cin tuwo a gidan, don allo ya daina riƙe su.

Da hantsi Malam Barau zai shiga ɗakin, Haulatu ta bi shi da kunu, a turo ƙofa. Sai ƙarar gizago.

Kullum Haulatu tsoron asiri ya tonu take yi. Gidan ladan, a ce kayan kiɗa? Ta daina zuwa kitso gidan ƙawaye. Hannunta kullum cikin hijabi, yatsun baƙi ƙirin da lalle, har 'yan mata na mata tsiya wai amarya ba ango. Shi ma Malam Barau ya daina fita da kwanonsa ƙofar gida a ci da maƙwabta. Aka ce rowa ce ta kama shi da tsufa.

Ran wata Laraba bayan azahar aka gama wata ja, mai kyau, wadda ta fi duk na baya. Gobe Kawu zai zo, ga rediyon da ake gwaji da ita ta ƙone. To injin lasifikar masallaci a ɗakin yake kwana tun da ɓarayi suka taɓa shiga. Aka zare wayar da ladan ke magana a ciki, aka jona jita, aka rage murya can ƙasa. An ɗauka an rage ke nan.

Abin da aka manta shi ne ɗaya wayar, wadda ta bi ta taga ta hau kan masallaci.

Tsirkiya shida, aka shafa su gaba ɗaya.

Wallahi har bakin kasuwa an ji. Awaki suka tsinke, mata suka fito da muciya a hannu. Kuma ba a tsaya ba, don a cikin ɗakin ba a gane ba, sai da aka ɗan yi wani kiɗa mai daɗi tukuna.

Kafin ka ce me, ƙofar gida ta cika. Liman, Malam Abdulƙahhar, ya yi sallama sau uku. Malam Barau ya fito ba hula, idonsa ja, shatin tabarma a kumatunsa. Haulatu tana leƙe ta hujin ƙyaure.

Liman ya ce, "Ladan, wa ke mana kiɗa a lasifikar masallaci?"

"Ni ne, Allah gafarta Malam."

"Kai? Da furfurarka?"

"Ni ne. Ni nake yin su."

Wani daga baya ya ce, "Ashe la'asar ta yau da rawa za a yi ta!" Aka kwashe da dariya. Liman bai yi ba. Hannu kawai ya miƙa ya ce a ba shi makullin masallaci.

Malam Barau ya daɗe yana laluben aljihu. Da ya ciro, da hagu ya miƙa. Wani dattijo ya tofar da yawu ya ce, "Ku duba, har da hagu. Kunya ta ƙare."

Sau biyu ƙafar Haulatu na kaiwa bakin zaure tana dawowa.

La'asar wani ne ya kira. Malam Barau na zaune kan buzu a tsakar gida, leɓensa na bin kiran a hankali. Yau kwana tara ke nan. In ya fita yara su bi shi suna kaɗa cikinsu kamar jita. Haulatu ba ta iya kallon idonsa, ko sunansa aka ambata sai ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Shi kuwa lallashinta yake yi. Jiya ma da ta kai masa ruwa cewa ya yi, "Uwata, daina kukan nan. Ni na tsufa, ke kuwa yanzu kika fara. Ki rufe bakinki, kin ji ko?"

Ta riƙe masa kofin a baki ya sha, kamar kullum.

Ga takun wani nan, ina jin Inna ce, bari in tura takardar nan ƙarƙashin katifa. Ku dai sani, shekara biyu ke nan hannun daman Baba ba ya riƙe ko cokali, barci yake a ɗakin, allunan da jitocin duk ni nake sassaƙawa, kuma ran nan ni ce na jona wa