Saƙon Baba na Ranar Talata

Ranar Talata ake sako ruwa a kanal ɗin gonarmu ta Bunkure. Ranar Talata ce kuma likita ke zuwa asibitin garinmu, ya tashi da la'asar. Wanda ruwa ya wuce shi, sai alkamarsa ta jira wani makon. Shi ya sa Baba ya yi wata uku yana tari, katin asibiti na cikin hularsa.

Wata Talata bayan azahar na kai masa fura, ina ɗan shekara tara. Yana tsaye cikin ruwa, ya ciro katin da hannunsa duk taɓo.

"Ruga ka ce wa likita, ƙirjina ne, kamar an ɗora mini buhun taki. Maimaita in ji."

Har na isa ina maimaitawa, ko gaisuwa ban amsa ba don kada in manta.

Likita ya saurare ni, ya ɗora abin awonsa a ƙirjina, ya ce, "Kai dai lafiyarka ƙalau. Ina mai ƙirjin?"

"Yana ban-ruwa."

"To ka gaya masa ba a aiko ƙirji."

Da na kawo amsar, Baba ya yi dariya har tarin ya sarƙe shi. "Talata mai zuwa," in ji shi. Sai bayan girbi ya je, lokacin kuwa an makara.

Yau dilan shinkafa ne ni, kuma ba na wasa da aiki. Amma duk leburan da na ji yana tari, da kaina nake sauke masa buhu in tura shi asibiti. Katin yana akwatina, da shatin babban yatsan Baba a jiki.