Sallamar Malam Ilu

Ranar da kamfanin ya sake fito da tsohon wasan talbijin ɗin nan, Layin Masaƙa, Inna Tabawa ta riga kowa isa shagon Tanimu mai sayar da finafinai.

"Kashi na tara nake so, ɗan nan. Marigayi maigidana, Malam Ilu, yana ciki. Shi ne ya kawo zare, ya yi sallama ya fita."

Tanimu ya sosa ƙeya. "Inna, iri biyu ne yanzu. Na asali kowace fuska da kuɗinta, ya fi buhun shinkafa tsada. Mai sauƙin kuwa manyan 'yan wasa kaɗai aka bari, an goge sauran."

"Goge mutum? Sai ka ce allo?"

Ta kwance bakin zaninta, ta dubi abin da ke ciki, ta ce ya kunna mata mai sauƙin.

Ga zauren, ga masaƙan. Labulen ƙofa ya ɗaga, ba wanda ya shigo. Masaƙan suka ɗago kai gaba ɗaya.

"Wa alaikumus salam, Malam Ilu."

Inna Tabawa ta gyara mayafinta.

"Ba ni wannan ɗin. Su ai suna ganinsa."