Shekara Hamsin a Raɗa

"Kawo wayarka," na ce. Sai dattijon, wani ɗan Chaina, ya ɗaga hannuwa sama.

Ni mai gadi ne a ƙofar cocin Katolika na Doha, inda ake ibada ranar Juma'a, aikina duba ko alamar korona a waya ta nuna kore. Shi kuwa cikin masu haɗa fitilun filin Kofin Duniya yake.

"Sunana za ka rubuta?" ya tambaya da guntun Turancinsa.

"Baba, kore kawai nake nema. Yalla, shiga."

"Ba za ka kai rahoto ba?"

"In kai wa wa? Ni ma sauri nake in samu Juma'a."

Ya fashe da dariya, ya rungume ni har takunkumina ya zame. Ya ce a ƙauyensu cocinsu ya ƙi shiga ƙarƙashin Jam'iyyar Kwaminis, don haka a ɗakin ajiyar hatsi suke ibada, taga a toshe, kowa da raɗa.

Ya ruga ciki kamar yaro ranar sallah. Da aka fara waƙa, murya ɗaya ta danne ta mutum dubu, tana karkacewa tana hawa inda ake sauka. Na yi dariya har na riƙe ciki.

Ya fito yana tsalle, murya a dishe.

"Baba, ai ka ɓata musu waƙa!"

"Na sani!" ya ce, yana dariya yana share hawaye. "Uwata ta koya mini ita da harshen Latin, a kunne. Shekara hamsin ina haddace da ita. Sai yau na ji yadda ake rera ta."