Kiɗan da Ke Makara

Adekunle ya sake zare wayar MIDI, mai haɗa kwamfuta da fiyano, daga bayan fiyanon ya mayar, amma kiɗan bai canza hali ba. Ganga tana faɗuwa daidai, muryar sama tana bin ta, sai ƙasan kiɗan, wanda hannun hagu ke bugawa, ya iso a makare kamar mai jan ƙafa.

A unguwar Yelwa wannan ba ƙaramin abin kunya ba ne ga mai sitidiyo. Tuni ɗaliban jami'a suka fara yi da shi cewa kayansa sun tsufa, da yawansu ma sun koma wani sabon wuri a GRA. Ga shi waƙar a coci za a sa ta ranar Lahadi, kuma kowa zai tambayi wanda ya haɗa. In ta fita da ɗingishi, ya san sai dai ya rufe shago.

Mama Cecilia ce ta kawo aikin, wata dattijuwa daga Fadaman Mada. Daga bakin zaninta ta kwance wani filashi na kwamfuta, ta ce fiyanon gidansu ya lalace, kuma waƙar nan babu ita ko'ina sai a ciki. Abin da ke ciki ma ba sauti ba ne, umarni ne kawai da kwamfuta za ta aika wa fiyano: wane maɓalli aka danna, kuma yaushe.

"Ina so in ji ta kamar yadda take, ɗana," in ji ta.

Kowa haka yake cewa, don haka bai sa maganar a ka ba.

Ya je kasuwar Wunti ya sayo sabuwar waya. Ya raba fiyano biyun da ke jere a layi ɗaya, tunda na ƙarshe yakan sami saƙo a makare. Ya rufe duk abin da ke yi wa kwamfutar nauyi. Duk a banza. Abin da ya fi ɗaure masa kai, makarar inji takan tsaya a ma'auni ɗaya, wannan kuwa ƙaruwa take yi, kafin baitin ƙarshe har tuntuɓe take. Tsoro ya kama shi sosai, ko abinci ya daina yi masa daɗi.

Ranar Asabar haƙurinsa ya ƙare. Ya tattara duk sautukan hannun hagu, ya danna maɓallin da ke jera kowanne a kan lokacinsa cif. Kiɗan ya miƙe sumul. Da yake kai tsaye daga filashin yake aiki, sai ya adana sabon a kan tsohon, don kada Mama ta yi kuskure ta kai gurgun kiɗan zuwa coci.

Da la'asar ta zo. Ta zauna ta lumshe ido, ya kunna mata yana murmushi. Ba a kai rabi ba ta buɗe idon.

"Ɗana, wa ya buga wannan?"

"Inji ne ya so ya ba mu kunya, Mama. Na gyara, mai matsalar ma na goge shi gaba ɗaya."

Ta juyo ta dube shi.

"Ba inji ba ne. Hannun mijina Toma ne. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, hannunsa na hagu ke makara, kuma wannan ce waƙar ƙarshe da ya buga kafin mu binne shi."