Ɗakin Sanyi Mai Kallon Yamma

Injiniya, tun da ka ce a ma'aikatarku an fara ƙorafin janareto yana shan mai fiye da kima, har ana yi wa mai kula da shi kallon wutsiyar ido, zauna in ba ka wani misali kafin ka je ka tofa albarkacin bakinka.

A wata ƙaramar hukuma, ba sai na kama suna ba, don duk wadda ka zata za ta iya zama ita, aka yanke shawarar gina ɗakin sanyi a bakin kasuwa, saboda masu kifi da mahauta su huta da asara. Masu zanen gini suka zo suka duba fili. Suka ce a yi bango mai kauri, ƙofa ƙarama ta kalli arewa, a shafa wa rufi farin fenti, a kuma bar wasu tsofaffin tsamiyoyi da ke tsakanin filin da titi, su tare wa ginin ranar yamma. Shugaban ƙaramar hukumar ya dubi zanen, ya yaba ƙwarai, sannan ya tambaya ta ina masu wucewa a mota za su ga aikin. Titin kuwa a yamma yake. Aka juya ginin ya kalli yamma. Aka faɗaɗa ƙofa, aka yi ta da gilashi daga sama har ƙasa. Rufin aka shafe shi da launin jam'iyya, wanda Allah ya sa mai duhu ne. Tsamiyoyin kuma sun tare allon da aka rubuta sunan shugaba, ga baƙin biki suna bukatar wurin rumfa, sai aka sare su. Masu zane suka sa hannu, su ma suna da iyali. Ranar buɗewa aka yi kiɗa, aka yanka sa, aka dafa naman da icen tsamiyoyin. A iya sanina, nan kaɗai aka yi tsimin makamashi a aikin gaba ɗaya.

Aka ɗauki wani dattijo, tsohon bakanike, ya riƙa kula da janareto, don wutar lantarki a garin gaisuwa kawai take zuwa yi. Mutumin nan shi ne ladanin masallacin kasuwa. Bai tara abin duniya ba. Abin da ya tara shi ne, in ya ce abu kaza ne, ba a neman shaida. Zane ba fanninsa ba ne, nasa ya kunna, ya zuba mai, ya share inji.

Daga azahar rana kan faɗo ta gilashin nan, ta miƙe ƙafa a cikin ɗakin har magariba. Rufi ya ɗauki zafi kamar tanda. Na'urorin sanyi ba hutu, janareto na ta ruri yana kwankwaɗar dizal kamar raƙumin da ya ƙetaro hamada. Man da aka ware na wata bai taɓa ganin tsakiyar wata ba. Ranar da ya ƙare a kan kifin mutane, warin ya isa har sakatariya, inda kukan masu kifin bai taɓa isa ba.

Aka kafa kwamitin bincike. Kwamitin ya zauna a cikin ginin da la'asar, manyan mutane masu takardu suna ta share gumi da hula. Ɗaya daga cikinsu har ya sa aka matsar masa da kujera daga bakin gilashi, wai rana tana dukansa. Ya zauna a inuwa, ya ci gaba da mamakin inda mai yake tafiya. Aka aika gidan dattijo aka birkice masa ɗakuna a gaban iyalinsa, aka samu jarka ɗaya, ta ruwan alwala. Da aka kira shi gaban kwamiti, ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa, aka ce masa nan ba kotu ba ce.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "in ni na kwashe, ina na kai shi?"

Shugaban kwamiti ya ce, "Abin da muke tambayarka ke nan, Baba."

Suka kammala da cewa rashin samun shaida ya nuna ƙwarewar ɓarawon. Aka sallame shi. Dattawan masallaci, cikin ladabi, suka ba shi shawarar ya ɗan huta da kiran salla har magana ta lafa. A kasuwa kuwa aka raɗa masa suna Baba Mai Jarka, sunan ya bi shi har ƙofar gida.

Aka maye gurbinsa da ɗan ƙanwar shugaban ƙaramar hukumar. Mai ya ci gaba da ƙarewa yadda ya saba, har da ɗan ƙari. A nan ne kwamiti ya tuna akwai wani abu wai shi kimiyya, ya gano cewa janareton ne ya yi ƙanƙanta. Aka sayo babba, wanda ya fi na da ci, aka yi masa bikin buɗewa. Da wannan binciken kowa ya san dattijo bai ɗauki ko cokali ba. Amma ba wanda ya taka ƙofarsa ya ce masa yi haƙuri, don ba a yi wa haƙuri kasafi ba. Maganar kuwa ba ta lafa ba. Yanzu sai an tayar da salla yake shigowa, ya tsaya a sahun ƙarshe, ana sallamewa ya ɗauki takalmansa ya fice kafin a fara gaisawa.

Irin wannan ne Hausawa suke cewa, an bar jaki ana dukan taiki.