Ƙwan da Ya Ci Jarrabawa

Tela ya tsuguna gaban akurki da kwanon ruwa, gumi na tsattsafo masa. Surukinsa ne zai zo, tsohon duba-gari wanda ya ajiye aiki amma hancinsa ya ƙi ajiyewa. Tsohon yana da shago a bakin titi, ya kuma rantse ƙwan kajin gida ba zai hau kantarsa ba sai ya gwada da kansa. Tela kuwa ya riga ya cika wa abokansa baki cewa ƙwansa ya kusa shiga kasuwa.

Dokokin tsohon sun fi kajin yawa. Mai kashi a jiki, a'a. Mai tsaga, a'a. Wanda ya taso a ruwa, ai ya kwana biyu, sai bola.

Kaji dai kiwon matarsa ne, amma tela ba ya son a ce sai da aka nuna masa. Ya ɗauki wannan ya ajiye, ya ɗauki wancan ya yi tsaki. Can a lungu ya ci karo da wani: fari tas, sumul, ko ɗigo babu. Yana saka shi a ruwa ya nutse har da ƙara. Ga nauyi. Tela ya ce a ransa lalle wannan gwaiduwa biyu ce.

Da kansa ya dafa shi, ya bar shi ya sha wuta, don tsohon ba ya cin mai ruwa-ruwa.

Da tsohon ya iso, ya juya ƙwan, ya shinshina, ya girgiza a kunne. Shiru.

"Duk zaman da na yi a aiki ban ga mai lafiyar wannan ba," in ji shi. "Gobe ka kawo kiret guda."

Daɗi ya kusa kashe tela.

Saura gwajin ƙarfin ɓawo. Tsohon ya saita haƙorinsa na gaba, guda ɗaya tilo da yake ji da shi, ya ƙwanƙwasa da ƙarfinsa. Aka ji ƙas. Abin da ya faɗo cikin faranti ba ɓawo ba ne.

Kafin wani ya ce uffan, matar tela ta leƙo daga tsakar gida.

"Sannu da zuwa, Baba. Maigida, ko ka ga farin dutsen nan da nake ajiye wa kaji a akurki don su riƙa yin ƙwai wuri ɗaya?"